Yadda Dogara Ya Raba Kalmar Sirri Gida Huɗu

A unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Kafanchan, idan ka ga mutane suna zamewa daga benci ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tuna an aike shi, wancan ya tuna bai ɗaure akuya ba, to Dogara ne ya iso ya fara labarin makullai. Shekara talatin da biyu ya yi yana juya layin dogo a tasha, kuma a faɗarsa makulli bai taɓa kwana a inda bai ajiye shi ba. Ya daɗe da yin ritaya ya koma noman citta, amma bakinsa har yau yana bakin aiki. Mutumin kirki ne, wannan kam ba mai ƙwace masa. Illarsa guda ce: ba a taɓa ambaton wani abu a duniya ya yarda bai iya shi ba.

Shekara biyu a jere cuta ta shiga citta ta ruɓar da ita tun a ƙasa, har iri ya gagari mutane. Sai wata ƙungiyar agaji ta ce za ta raba sabon iri ga ƙungiyoyin manoma. Ƙungiyar su Dogara mutum arba'in da ɗaya ce, yawancinsu mata, kuma matarsa Rosemary ce shugaba. Sai dai masu agajin ba sa aiki da littafi. Sunaye a manhajar waya ake shigar da su, ita kuma ta ajiye su a wata babbar kwamfuta can nesa, abin da masu sani ke kira gajimare. Kowace ƙungiya kalmar sirri guda gare ta. Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Afrilu, tsakanin safe da ƙarfe huɗu na yamma, sai a shiga a danna cewa ana nan ana jira. Ƙungiyar da ba ta danna ba, a ba wasu irinta, ta haƙura da noman bana.

Aka kira horon wuni ɗaya a Fadan Kaje. Ranar ta faɗo daidai da taron Zumuntar Mata ta cocinsu, don haka Rosemary ta yi kuskuren da har yanzu take cizon yatsa a kansa, ta tura mijinta. Ya tafi da safe yana Dogara, ya dawo da yamma da kati rataye a wuya, ya ce daga yau a riƙa ce masa Injiniya.

"Mama Jason," ya ce wa Rosemary, "kin san abin da ake kira faswod, wato kalmar sirri?"

"Na sani. Ka rubuta shi a bayan kalanda, ka zo ka ci tuwo."

Dogara ya dafe ƙirji kamar an soke shi. "Bayan kalanda. Kin ji irin maganar da ke rusa ƙasa. Madam Maijidda ta koya mana da bakinta: ba a rubuta shi, ba a gaya wa kowa, a yi shi dogo, a riƙa canza shi. Ɓarayin yanzu suna iya ɗaukar muryarki su kira ni da ita, ki ji kamar ke ce."

"In ji kamar ni ce? Ni ina ina a lokacin?"

"Kina kicin, ana sace ki a sama."

Da Dogara ya tsaya a abin da aka koya masa, da babu labari. Amma yana cin tuwo dabara ta faɗo masa, har ya ajiye loma. A layin dogo, in ji shi, ba a barin mutum ɗaya ya buɗe wa jirgi hanya. Makullin wannan ba ya fita sai wancan ya saka nasa. To haka zai yi wa kalmar sirri: ya raba ta gida huɗu, kowa ya riƙe nasa kason, ɓarawo ya zo ya rasa ta inda zai kama.

Washegari ya tara mutum uku a ƙarƙashin mangwaron gidansa. Akwai Marcel mai sayar da buhuna da maganin feshi, wanda kakansa ya zo Kafanchan da aikin jirgi tun zamanin Turawa. Akwai Hajiya Kubra, babbar dillaliyar citta. Akwai kuma Dattijo Levi na ikilisiyarsu, mutum mai tsoron Allah da yawan mantuwa. Kowa ya ƙirƙiro nasa kason, ya shigar a waya da hannunsa, sauran sun juya baya. Dogara ne ya rufe da nasa. Sannan ya miƙe ya gyara katin wuyansa.

"Yanzu sai rantsuwa. Ba za ku gaya wa kowa ba. Ko ni na tambaye ku, kada ku faɗa. Kai, duk wanda ya kira ku da muryata yana neman faswod, ku sani ɓarawo ne, domin Dogara na gaske ba zai taɓa tambaya ba."

"Ko kai ɗin?" in ji Hajiya Kubra. "Malam Dogara, ka yi tunani dai."

"Hajiya, na gama tunani tun kafin a zo da waya garin nan."

Hajiya ta ce wallahi. Levi ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki. Marcel ya rantse da kabarin babansa. Rosemary tana jin su daga bakin murhu, ta fi minti biyar tana juya miyar da ta riga ta nuna.

Mako uku Dogara bai bar kowa ya huta ba. A wurin mai shayi ya ce ko ɓarayin ƙasar waje sun haɗu da na gida ba za su buɗe ba. A bakin coci ya ce bankuna za su zo koyo. Ya yi wa gonarsa kaftu, ya tara ciyawar da zai rufe iri da ita har ta fi shi tsawo, yana nuna wa masu wucewa inda citta za ta tsaya.

Ranar Alhamis, ana gobe dannawa, Rosemary ta ce masa ya tara mutanensa tun da wuri. A nan ya gano Marcel ya tafi garin Kasuwan Magani saro kaya. Dogara ya yi dariya ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya kira shi a waya.

"Marcel, ni ne Injiniya. Ba ni naka kason in haɗa."

Marcel ya ce, "Ka iya aiki, abokina. Har tarin ma ka kwaikwaya."

"Wane tari? Ni ne Dogara, Baba Jason."

"Oga Dogara na gaske ya ce shi ba zai tambaya ba. Kai ka tambaya. To kai wane ne?"

"Ni ne na ce ba zan tambaya ba."

"To me ya sa kake tambaya? Je ka nemi sana'a, ɗan damfara. Kuma muryar ba ta yi daidai ba, tasa ta fi wannan girman kai."

Ya kashe, ya toshe lambar. Kafin Dogara ya gama kallon wayar, saƙon murya ya shiga zauren ƙungiya na waya: Marcel yana gargaɗin jama'a cewa ɓarayi sun sace muryar Oga Dogara, duk wanda ya ga kiransa kada ya ɗauka. Mata suka yi ta amsawa da amin, wasu suka tura wa 'yan'uwa har Kaduna. Rosemary ta kira Marcel da tata wayar, ya saurare ta tsaf, ya koma zaure ya sanar cewa abin ya yi tsanani, sun kama muryar matar ma. Da rana Dogara ya kira ɗansa Jason a Jos don ya nemi shawara. Jason ya ce, "Wanda ya sace muryar babana, Allah zai tona shi," ya kashe.

Abin mamaki, Dogara daɗi ya ji. Ya ce wa Rosemary, "Kin ga horo? Ko ni ban iya shiga ba."

"Haka ne, Baba Jason. Sai mu dasa horon a gona."

Ya ɗauki waya ya nufi rumfar Hajiya Kubra a kasuwa, ya same ta tana sa ana tankaɗe busasshiyar citta. Ya tsaya a gabanta ya buɗe hannuwa don ta gan shi da kyau.

"Hajiya, ga ni da jikina, ba murya ba. Faɗa mini naki."

"Na gan ka, Malam Dogara, har da katinka. Amma wallahi ka sa na ce, a gaban shaidu. In na faɗa maka azumin kaffara ya hau kaina, kwana uku, a wannan zafin. Kai za ka yi mini?"

"Ni da na ɗaura rantsuwar na kwance ta."

"Ba da sunanka na rantse ba balle ka kwance. Kawo wayar in shigar da hannuna, ka juya baya. Wannan ba faɗa ba ne."

Ta shigar da nata. Dogara ya ɗauki wayar a tafin hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, ya kama hanyar gidan Levi, yana ce wa masu acaɓa su kauce. Bai kai bakin kasuwa ba shafin ya rufe kansa, abin da Hajiya ta shigar ya goge. Ya koma, ta sake shigarwa, ya fita da gudu, ya sake gogewa. A karo na uku masu ɗaukar kaya suka fara yi masa kirari suna lissafa masa lokaci. Sai a nan ya gane manhajar ba ta jiran kowa fiye da minti biyu, dole mutum huɗun su tsaya wuri ɗaya. Da ya isa gidan Levi kuwa, matarsa ta ce Dattijo ya tafi Gwantu jana'izar surukinsa, can cikin ƙauye inda waya ba ta kamawa, sai ranar Asabar.

Ranar Juma'a tun ƙarfe goma mata suka cika tsakar gidan Dogara, kowace da buhunta a naɗe a hammata. Hajiya Kubra ta rufe rumfa ta zo. Wajen sha biyu Marcel ya iso da motarsa ta a-kori-kura, ya sauko yana kallon Dogara sama da ƙasa, ya zagaya shi sau ɗaya.

"Oga, ka ji abin da ya faru jiya? Wani shege ya kira ni da muryarka."

"Ni ne shegen."

"Haka shi ma zai ce." Marcel ya matsa ya taɓa masa kunne. "Wane suna babanka yake kiran babana?"

"Mai Tocila."

"To kai ne. Amma na jiya ba kai ba ne, ni na san abin da na ji."

Saura kason Levi. Dogara ya hau kan turmi ya yi wa mata jawabi cewa su kwantar da hankali, sirrin da ke cikin Dattijo Levi ko matarsa ba ta san shi ba, wannan kuwa shi ne alamar tsari mai kyau. Matar Levi ta ɗaga hannu daga baya.

"Baba Jason, wai ko wannan waƙar ce? Tun ranar da ya dawo daga gidan nan yake rera ta, a wanka, a gona, har cikin barci. Na tambaye shi ma'anarta, ya ce ya rantse. Ya ce in bai sa abin a waƙa ba zai manta."

"Wace waƙa?"

Ta gyara murya ta ɗauka: "Dutse bakwai, tauraro, tara." Kafin ta kai ƙarshe mata talatin sun karɓa, da murya ta ɗaya da ta biyu, wata ta jawo tulu tana bugawa. Ashe ta koya wa Zumuntar Mata, a zatonta daga littafin Ru'ya ta Yohanna Dattijo ya ciro ta. Makonni biyu ke nan suna buɗe taro da ita, har an rera ta a wani biki a Fadan Kaje an yi musu tafi. Hajiya Kubra ta ce ita ma ta ji masu tankaɗe a rumfarta suna yi. Dogara ya sauko daga kan turmi a hankali, ya ce da ma yana cikin tsarin, abin da kowa ya sani ɓarawo ba ya zargin sa.

Aka jeru. Marcel ya shigar da nasa, Hajiya ta shigar da nata, Rosemary ta shigar da waƙar Levi, dutse da bakwai da alamar tauraro da tara. Dogara ya sa kowa ya juya baya, har da kaza ya kora, ya shigar da nasa ya danna. Manhaja ta ce ba daidai ba ne, saura gwaji biyu.

"Waƙar ce," in ji Dogara. "Mata sun ƙara mata gishiri."

"Ba mu ƙara ko wasali ba," in ji matar Levi.

Hajiya Kubra ta dube shi. "Kai naka fa, Malam Dogara? Ka tabbata?"

"Nawa? Hajiya, nawa ya fi na kowa sabunta. Ku kun zauna da tsoho mako uku. Ni kowace Lahadi bayan sujada nake canza nawa, kamar yadda aka koya mana."

Marcel ya karkata kai. "Oga, a ina kake canza shi?"

Dogara ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "A nan. Inda ɓarawo ba ya shiga."

"Ka gaya wa wayar?"

"In gaya wa waya sirrina?"

Rosemary ta zauna a kan buhunta. Hajiya ce ta yi ƙarfin halin cewa to ya tuno na farkon, wanda ya shigar a ƙarƙashin mangwaro. Dogara ya rufe ido ya yi zurfi. Ya ce ko dai lambar tsohon injin jirgin da ya fi so ce, ko kuwa wannan na Lahadi ta biyu ne. Aka sake jeruwa, aka gwada lambar inji, manhaja ta ƙi. Ya ce to ranar aurensu ce, ya tabbata. Aka sake jeruwa, ya shigar, ya danna, manhaja ta kulle ƙungiyar gaba ɗaya har tsawon awa ashirin da huɗu. Rosemary ta ji ranar da ya ce ya shigar, ta gaya masa a gaban jama'a cewa wannan ba ranar aurensu ba ce.

Ƙarfe biyu ta wuce. Babu wadda ta zage shi, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Wata tsohuwa ta warware buhunta ta sake naɗewa, ta ce ita gonarta guda ce, bara ba ta shuka ba, ta fara hawaye a hankali. Dogara ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, ya cire katin wuyansa ya cusa a aljihu.

Rosemary ta tashi ta kira Madam Maijidda, jami'ar da ta ba da horon. Maijidda ta saurari labarin daga farko har ƙarshe, aka ji ta rufe wayar da hannu na ɗan lokaci, sannan ta dawo tana share murya. Ta ce ba ta da ikon buɗe manhaja, amma duk wanda ya zo ma'ajiyar iri a Fadan Kaje da katin shaidarsa kafin ƙarfe huɗu, in sunansa na cikin jerin, za ta ba shi da hannunta. Aka cika motar Marcel har saman ƙarfe, saura suka hau acaɓa uku-uku. Dogara ya maƙale a baya yana riƙe da buhunsa, yana gaya wa Marcel hanyar da Marcel ya fi shi sani.

Suka isa huɗu saura kwata. Maijidda ta tsaya a bakin ma'ajiya tana kiran suna, ana miƙa buhu, ana cika shi da iri mai kyau, fari tas, mai ido. Tsohuwar nan ta karɓi nata ta rungume. Tun suna na goma Dogara ya fara farfaɗowa, a na ashirin ya mayar da katinsa wuya, a na talatin yana ce wa masu aunawa su riƙa girgiza buhu. Maijidda ta kira na talatin da tara, ta rufe kwamfutarta.

"Madam, saura biyu," in ji Rosemary. "Ni da maigidana."

"Mama, talatin da tara aka shigar. Babu Rosemary, babu Dogara." Ta juya. "Baba, ba kai ka shigar da sunayen ba?"

Dogara ya ce, "Ni ne. Na cire na gidana ne saboda tsaro. In ɓarawo ya shiga gajimare ya ga sunana, ai zai san gidan da faswod yake."

Rosemary ta daɗe tana kallonsa. Mata talatin da tara sun ɗora buhunansu a kai, ita shugabarsu, wadda ta yi wata huɗu tana bin su gida-gida, tana tsaye da buhu a naɗe. Maijidda ta ba da haƙuri, ta ce iri a ƙirge yake, ko ƙwaya ba ta rage ba. A hanyar dawowa babu wanda ya yi waƙa, Dogara kuma bai nuna wa kowa hanya ba.

Washegari da hantsi Hajiya Kubra ta aiko a kira Rosemary ita kaɗai. Matan sun haɗu, kowace ta ɗebo daga nata, har ya kai buhu da rabi. Sharaɗi guda suka gindaya, kuma Hajiya ta sa Rosemary ta maimaita shi sau biyu: kada Dogara ya san inda aka ajiye irin nan sai ranar shuka.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana nema. Ya leƙa rumbu, ya ɗaga katifa, ya hau rufin ɗaki har ya tsage wando. A rana ta goma sha biyu ya same ta tana tsinke ganyen miya, ya tsuguna kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Mama Jason, ni ne fa. Mijinki. Ina irin yake?"

"Na san kai ne, Baba Jason," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Shi ya sa."